Abin Wuyan Kaka Mieta

Ka ga hoton, kada ka ce ba ka gani ba. A shafin farko aka buga shi, baƙin fili cike da jajayen ɗigo, aka rubuta a ƙasa cewa kowane ɗigo garken taurari ne, kuma a nan Karoo aka jiyo su. Ka tura wa abokanka, ka ce mu ma mun kai. Amma shekarar da aka saye gonaki don a kafa Kunnuwan, aka kwashe tumaki, aka loda ma'aikata da katifunsu a manyan motoci aka zube su a bayan gari, kana tsaye a bakin shago. Ka duƙa kana gyara igiyar takalmi har motocin suka wuce. To, yau sai ka kalla.

Delwin Olyn yana tsaye a bayan kujerar Dakta Palesa, hularsa a hannu, tana nuna masa wani farin layi da ya tsaga allon kwamfuta daga sama har ƙasa. Aikinsa a tashar sauraren taurarin shi ne farautar ƙara. Kunnuwan, fararen farantan nan da suka fi coci tsayi, ba sa son waya, ba sa son rediyo, ko motar fetur ba sa so saboda tartsatsin fulogi. Duk abin da ya yi tari a cikin yankin, Delwin ake turawa ya nemo shi ya toshe masa baki.

"Ka gan shi ko? Tun da gari ya waye yake yi," in ji ta. "Ya ɗan yi shiru, ya sake. Wannan shi ne zuwansa na uku a kwanakin da aka ba ni."

"Ba za a iya goge shi ba, Dakta?"

"In na goge shi na goge abin da nake nema." Ta murza idanunta, sun yi ja. "Delwin, raɗar da nake saurare ta baro inda take tun kafin a yi ranar da ke haska mu. Tana tafe sararin yana buɗewa, yana miƙe ta kamar roba. Da ta iso nan ta yi tsawo, ta sauka daidai kan layin da wayoyi ke magana. Daga yadda ta miƙe nake gane saurin da komai ke guje wa komai. Duk wannan tafiyar ta yi, ta zo bakin ƙofa, wani sakarai ya buɗe baki a kanta."

Vermaak, shugaban tashar, ya leƙo da kofin kofi a hannu. Ƙato ne mai jan wuya, yana son a yi dariya idan ya yi magana.

"Ba sakarai ba ne, tunkiya ce. Abin wuyan nan ne da manoma ke ɗaura wa jagorar garke, in dila ya koro su ya buga wa mai su waya. Wata ce ta ɓalle ta shigo mana, abin yana neman ƙarfen sabis bai samu ba, shi ya sa yake ihu. Olyn, in ka same ta kada ka wahalar da kanka da neman mai ita. Akwai gawayi a baya."

Aka yi dariyar. Delwin ma ya yi tasa.

Ya ɗauki tsohuwar a-kori-kura mai shan gas, ya kafa eriya a saman kanta, ya bi hanyar tsakuwa. Rana ta fara cizo tun hantsi. Allurar na'urar da ke gefensa tana kwanciya, ta zabura, ta kwanta, shi kuma yana karkata sitiyari zuwa inda ta fi zabura. Ya wuce shingen da ya zube, ya wuce famfon iska da aka ɗaure masa fukafukai da waya. Ya san ƙasar nan. A gonar da ke bayan rafi aka haife shi. Da yana yaro ba ka tafiyar minti biyar a nan ba ka ji kukan ɗan rago ba. Yanzu ba abin da ke motsi sai ƙadangare.

Allurar ta kai shi tsohuwar gonar Baas Kobus, maigidan ma'aikatan nan a da, bayan babban gida, inda ɗakunan ma'aikata suke a da. An cire rufin, an cire ƙofofi, saura bango huɗu-huɗu. Ya sauko da igiya a kafaɗa yana ƙwalla ido ya ga farin gashi a cikin ƙaya.

A gaban ɗaki na ƙarshe wata tsohuwa ce take shara da reshen ƙaya. Rigar barci ce a jikinta, takalmi ƙafa ɗaya. Ɗayar ƙafar ta yi baƙi da jini da ƙasa.

"Kaka Mieta."

"Ka taka min shara."

Ya ja da baya. Ta miƙe da kyar, ta kare ido da hannu tana dubansa. Leɓunanta sun tsage sun yi fari.

"Kai ɗan wa?"

"Ɗan Jafta Olyn ne, Kaka. Na bayan rafi."

"Ƙarya kake. Jafta ko wandonsa bai iya ɗaurewa ba, ina ya ga ɗa?" Ta koma kan shararta. "In Gawie ya aiko ka, ka ce masa abinci ya huce. Tun safe ban ji kukan tumaki ba. Ina ya kai su?"

Gawie mijinta ne. Delwin yana cikin waɗanda suka ɗauki akwatin gawarsa, shekarar da aka zube su a bayan gari.

Ya kawo gorar ruwa ya riƙe mata. Da ta ɗaga kai tana sha ne ya gani. Rawayar ɗamara ce mai kauri, da baƙin akwati kamar sabulu a maƙogwaro, an ɗaure ta da ƙusa da noti ta bayan wuya yadda hannu ba zai kwance ba. An cusa tsohuwar safa a ƙarƙashi don kada ta ci fata, duk da haka ta ci. Lambar garke tana nan a jiki. Ya matso da na'urar hannunsa. Allurar ta tafi ƙarshe ta manne.

Can nesa Kunnuwan suka juya gaba ɗaya, a hankali, babu ƙara, suna bin wani abu a sama. Kaka Mieta ta nuna su da reshen.

"Waɗancan matan cocin masu farar hula, tun ɗazu suke tsaye. Ko ɗaya ba ta gaishe ni ba."

Dokar tasha ta ce duk abin da aka kama yana ƙara a naɗe shi nan take don a toshe ƙarar, kafin a yi komai. A bayan mota akwai naɗin takardar ƙarfe, irin wadda ake gasa nama a ciki. Delwin ya tsaya da ita a hannu ya daɗe. Ya tuna farin layin da jajayen idanun Dakta. Sai ya yago mai tsawo, ya ce, "Kaka, ɗaga haɓa," ya naɗa mata a wuya, ya sake naɗawa, ya matse bakin da yatsu. Allurar ta faɗi.

Ta shafa tana murmushi da dasashi. "Sarƙa ka ba ni? Kai, kada Gawie ya ji."

A ƙofar shiga yankin ya tarar da Ragel, 'yar autar Kaka, tana zaune a ƙasa a inuwar ɗakin mai gadi. Fararen takalman roba na mayanka ne a ƙafarta, rigar aikinta duk jini ya bushe. Mai gadi ya ce tun hantsi take nan, ta yi roƙo ta yi zagi, ba ta da takardar shiga. Da ta hango kan uwarta a gaban mota ta taso da gudu, ta fizge ƙofa, ta kama kafaɗunta ta girgiza har kan tsohuwar ya bugi kujera.

"So kike ki kashe ni, Mama? Ki faɗa min in sani. Me kika ajiye a can? Ubanwa kika bari a can?"

"Anti Ragel, a hankali. Ƙafarta ta fashe."

"Kai rufe min baki, karen farautar Turawa." Sai idonta ya sauka a kan takardar ƙarfen. Ta taɓa da ɗan yatsa. "Wa ya naɗe min uwa kamar kan rago?"

Mai gadi ya riga ya buga wayar igiya zuwa ofis. Ba a jima ba motar Vermaak ta iso, Dakta Palesa na gefensa. Ya sauko yana murmushi, yana leƙen bayan a-kori-kura.

"Ina naman namu?"

Ya dubi gaban motar, murmushin ya tsaya a inda yake.

Ragel ba ta jira a tambaye ta ba. Ta ce gigin tsufa ne, ya fara tun bayan rasuwar baba. Kullum gida take nema, kuma gida a wurinta can ne. Yayyen Ragel maza ɗaya yana birnin Kap, ɗaya yana wurin haƙar ma'adinai, ɗaya ba a san inda yake ba. A da suna kira ran Lahadi, sannan sai Kirsimeti, yanzu ko an kira lambar ba ta shiga. Ita kuma dole ta kasance a mayanka kafin fitowar rana. Ta taɓa kulle ta a ɗaki, tsohuwar ta fasa taga da hannu, sai da aka yi mata ɗinki. Gidan tsofaffi yana can birni, sun ce a jira wani ya mutu. Wani manomi da ya sayar da garkensa ne ya ba ta abin wuyan. In tsohuwa ta bar layi wayar Ragel ta yi ƙara, ta nuna mata inda ta nufa, ta ajiye wuƙa ta bi ta.

"Har zuwa tudun can wayata ke ganinta. In ta haye shi, shi ke nan, kamar ba a haife ta ba. Sau biyu na kamo ta a gangaren. Yau hannuna na cikin tumbi, wayar tana cikin akwatin kaya."

"Baiwar Allah, kin san laifi ne shigo da wannan abin nan?" in ji Vermaak.

"Ni na shigo da shi? Ga mai laifin nan, ka kai ta kotu." Ta juya ga Dakta Palesa, don ta ga fatarsu ɗaya. "'Yar'uwa, ke ce mai sauraren? An ce kuna jin har ƙarshen sama."

"Ba har ƙarshe ba," in ji Dakta Palesa a hankali. Ba ta iya barin magana a karkace, ko a irin wannan wuri. "Akwai iyaka. Bayanta sararin yana buɗewa da saurin da haske ba zai iya cin masa ba. Abin da ke can, ko zai yi ta kira har abada, ba zai iso mu ba."

"To wannan ta iso ku. Da ba ta yi muku ƙara ba, da yanzu hankaki na kan idonta. Ba kuɗi na roƙa ba. Ku bar mata abin. In kun ji ta, ku turo wannan ya ɗauko ta, ai ya iya."

"Ƙasashe ne suka haɗa hannu suka gina wurin nan," in ji Vermaak. "Ba don kiwon tsofaffi ba." Ya share wuya da hankici. Ba ya son yadda mai gadi ke kallonsa. Sai ya yi abin da manya ke yi idan magana ta yi zafi, ya miƙa ta ga wani. "Amma aikin Dakta ne ke lalacewa, ba nawa ba. Dakta, in kin ce za ki iya jurewa, ni ban ga komai ba har ƙarshen wata."

Kowa ya juya gare ta.

Delwin ya san abin da kowa a tashar ya sani. Shekaru ta yi tana jiran layi kafin a ba ta kwanakin nan, kuma ranar Asabar za su ƙare, a juya Kunnuwan ga wasu. Daga wani ƙauye take a kan duwatsun Lesotho, inda aka yanka bijimi ranar da ta zama dakta. Ta tsaya tana kallon ƙafar tsohuwar, ƙudaje sun fara taruwa.

"Ba wani abin da za a saka mata wanda ba ya magana da waya? Ko ƙararrawa?"

Ragel ta yi dariya mara daɗi. "Ƙararrawa. Daga mayanka zan jiyo ta? Ko ke za ki jiyo min?"

"Zan rubuta wa kwamiti. Akwai asusun taimakon gari, ana iya nema mata mai kula."

"Yaushe?"

"Suna zama bayan hutu."

"Ni gobe da asuba nake tambaya."

Iska ta kaɗa takardar ƙarfen tana ƙaras-ƙaras. Kaka Mieta tana rera wata waƙar coci ƙasa-ƙasa. Da Dakta Palesa ta yi magana, ƙasa take kallo.

"In ta sake shigowa sau ɗaya, aikin ya mutu. Ba zan iya ba. Ki yafe ni."

"Olyn, cire mata shi," in ji Vermaak.

Notin ya yi tsatsa da gumi, ya ƙi juyawa. Delwin ya ɗauko almakashin yanka waya. Da ya warware takardar tsohuwa ta fara kokawa, tana kare wuya da hannu biyu, tana cewa a bar mata sarƙarta, kyauta aka ba ta. Sai da mai gadi ya riƙe mata hannuwa ta baya. Ƙarfen ya taɓa fatarta ta ƙame kamar tunkiyar da aka kwantar za a yi mata aski. Ɗamarar ta yanke. Ƙarƙashinta fatar ta saluɓe, ja, a jiƙe.

"Ɓarawo," in ji ta, ta tofa masa yawu. Bakinta ya bushe, ba abin da ya fito.

Vermaak ya jefa abin wuyan cikin akwatin ƙarfe ya rufe. Ya ce ba za a kai maganar gaba ba, kuma motar tasha za ta kai su har gida. Ya ɗan tsaya ko za a gode masa. Dakta Palesa ta riga ta koma mota ta rufe ƙofa.

Delwin ne ya tuƙa su. Sun tsaya a asibitin gari, ma'aikaciyar jinya ta wanke ƙafar ta naɗe, ta shafa wa wuyan magani, ta ce wa Ragel, "Ku dai ba kwa kula da iyayenku."

A gida ta zaunar da uwar a kan bokitin da aka kife a tsakar gida, ta shiga baya. Delwin yana juya mota ta fito da igiyar shanya, doguwa, shuɗiya, ta tsaya a gaban motar.

"Sauko."

"Anti, ana jirana a wurin aiki."

"Ni ma ana jirana. Sun ce in ban koma kafin a wanke ƙasa ba kada in koma. Kai ka yanke, kai za ka ɗaure." Ta miƙo masa igiyar. "Ubanka ya koya maka ƙullin da ba ya shaƙe dabba. Ni in na ɗaura zan tsinke mata ƙafa."

Ya duba layin. Matar gidan da ke kallonsu tana bakin taga, da suka haɗa ido ta saki labule. Wasu maza biyu da ke gyaran keke suka juya masa baya.

Ya sauko.

"A ƙafa ko a ƙugu?"

"Ƙugu. Ƙafar akwai ciwo."

Ya ɗaura bakin igiyar a bututun famfo. Ya ja ta zuwa inuwar bango, ta kai. Ya ja ta zuwa ƙofar bayi, ta kai. Ya ja ta zuwa ƙofar gida, ta kai har ta yi saura, sai ya koma ya rage. Ya durƙusa a gaban tsohuwar ya zagaya mata ita a kan rigar barci, ya yi ƙullin ta baya, ya saka yatsu biyu ya gwada. Aiki ne mai kyau. Ba zai matse ba, ba zai kwance ba.

"Yaron kirki," in ji Kaka Mieta, ta dafa kansa. Ta manta da ɓarawon. "Kai ɗan wa?"

Bai faɗa ba.

Ragel ta ajiye mata ruwa da gutsuren burodi, ta ja ƙofar gidan ta wayar ƙarfe ta fita da sauri, takalman roba na fat-fat. Delwin ya shiga mota. A madubi ya ga tsohuwar ta tashi, ta kakkaɓe riga, ta nufi ƙofa tana ɗingishi. Igiyar ta taso daga ƙasa ta miƙe. Ta tsaya, fuskarta wajen tudu. Ta ɗaga ƙafar da aka naɗe, ta ajiye a inda ta ɗauke ta, ta sake ɗagawa.

Da ya koma tasha allon ya yi fes. Aka yaba masa, aka ce ya yi ƙoƙari.

Gidan shi ne na ƙarshe a layin bayan mayanka, mai ƙofar waya. Kada ka tura wa kowa wannan labari ka ce abin tausayi, mun gaji da tausayinka. Ranar da mutanen tasha za su zo zauren coci da hotunansu, ka miƙe ka tambaye su wa zai zauna da tsofaffin da aka kwaso daga ƙasar da suke saurare a kai, kuma kada ka zauna sai sun ambaci rana. Amma wannan sai bayan hutu. Ragel tana fita kafin fitowar rana. Gobe ka riga ta zuwa ƙofar, ka ce mata ta tafi aikinta, ka shiga ka kwance igiyar.